Dodon da Ya Yi Sallama

Litinin, 7 ga Yuli

Oga Maigari ya kawo sabon fim da za mu fassara. Na dodo ne, irin na sararin samaniya. Wasu mutane sun shiga jirgi sun tafi wata duniya neman ruwa, suka kwaso wa kansu bala'i. Yaren da suke yi ba wanda ya sani a shagonmu, har Abdulaziz mai cika baki. Kamar kullum dai: a kashe sauti, mu kalli bakinsu, mu sa musu maganar da muka ga ta dace. Shi Abdulaziz muryar maza da bayani, ni muryar mata. Mata biyu ne a jirgin, ɗaya likita, ɗaya kuwa ba ta da aiki sai ihu.

Na kalla har ƙarshe. Dodon haƙora layi-layi, yawu na dalala. Abdulaziz yana ta "kai, kai, wayyo Allah!" Ni ina tunanin ko akwai sauran daddawa a gida.

Mijina Jibrin na nan. Ya ci rabin tuwonsa. A nan kaɗai nake rubuta sunansa, a baki Malam nake ce masa tun ranar da aka kawo ni gidansa.

Talata, 8 ga Yuli

An zo wurin ihu. Na buɗe baki a gaban makirufo, abin da ya fito Oga ya saurara ya cire abin kunne ya ce, "Ummu, wanga ihu ne ko hamma?" Na sake, na sake. A ƙarshe ya ce a bar wa matar ihunta na asali, ai ihu ba shi da yare.

Laraba, 9 ga Yuli

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda kowa ya ba da labarin ban da ni.

Bara bayan girbi 'yan bindiga suka tare motar su Jibrin a hanyar Shinkafi, za shi gaida mahaifiyarsa, Inna Yalwa. Daga baya wani da ya kuɓuto ya rantse ya ga an harbe shi, ya ga ya faɗi. Aka yi masa salla ba gawa, aka yi zaman makoki, na shiga takaba. Na yi ta har na fita. Bayan na fita ne na karɓi aikin nan, don zaman gida ya ishe ni, kuma tun muna sakandare ake cewa ina iya kwaikwayon muryar kowa.

Watan jiya, bayan la'asar, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, na ji sallama daga zaure. Muryarsa. Ba wai mai kama da tasa ba. Ban amsa ba. Ya sake. Na ci gaba da tsinta, har na tuna akwai wani ɗan tsakuwa baƙi da na daɗe ina bi da yatsa. Ya sake. Lauratu maƙwabciyata ce ta amsa ta kan katanga, sai kuma ta leƙo, sai ta fasa ƙara. Ya shigo, ƙashi da fata, ƙafa ɗaya yana ja. Na ce sannu da zuwa, na kawo ruwa.

Shi ke nan abin da na yi. Unguwa duka ta yi kuka, har maza. Ni na wanke kofuna.

Baba Malam, mahaifina, ya zo washegari ya ce, "Aurenku na nan daram. Takabar da kinka yi, Allah ya ba ki ladarta." Na ce amin.

Juma'a, 11 ga Yuli

Lauratu ta ce Inna Yalwa ta aiko a faɗa wa ɗanta in matarsa ta kasa riƙe shi ya komo gida Shinkafi. Ta ce, "Ummu, ki yi wani abu mana. Ko kuka ki yi, ko faɗa. Auren nan fa zai mutu kina kallo." Na ce na ji. Ta tsaya tana jiran sauran magana, babu. Ta ari turmi ta tafi.

Asabar, 12 ga Yuli

An yi ruwa. Ba aiki, janareta ya ƙi tashi.

Litinin, 14 ga Yuli

Gardama a shago tun safe: me ke sa dodo ya ba da tsoro? Oga ya ce haƙora da girma, in abu ya fi ka baki ya fi ka tsawo magana ta ƙare. Abdulaziz ya ce a'a, rashin ganinsa, lokacin da ba ka san ta ina zai ɓullo ba. Ni dai na san in da Abdulaziz ya yarda da maganar kansa da bai riƙa sanar da mutane ba. Duk inda fim ya yi shiru sai ya cika wurin: "Jama'a ku shirya, ga shi nan tafe ta bayan tankin ruwa!" Ba ya iya barin shiru ya yi numfashi. Haka duk masu fassara suke, wai kada mai kallo ya zaci sauti ne ya lalace.

Suka juyo kaina. "Ke fa Ummu?" Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba. Rabona da jin tsoro na manta.

Laraba, 16 ga Yuli

Oga ya fito da talabijin bakin shago bayan la'asar, ya sa rabin farko don 'yan kabu-kabu su ɗanɗana, haka yake yi kafin ya fara tura wa mutane a waya. Ni ina ciki bayan labule.

Da dodon ya fito ya wangale baki, dariya suka yi. Dariya sosai, har da buga benci. Wani ɗan Zurmi, cikin waɗanda suka baro ƙauyensu, ya ce, "Wanga ba shi da bindiga, ba shi da babur, mi zai yi muna? Ku kawo shi garinmu mu yi kilishi da shi." Mai shayi ya ce haƙoran ma na roba ne.

Oga ya shigo rai a ɓace. Ya ce mutanen nan zuciyarsu ta mutu, ba abin da ke tsorata su kuma. Ya faɗa ya kalle ni, sai ya hau gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Alhamis, 17 ga Yuli

Abubuwan da Jibrin yake yi yanzu. Yana cin abinci fuska ga bango. Yana yanko loma ya ɓoye a aljihu, sai na zo wanki in tarar. In babur ya wuce da ƙarfi, duk inda yake tsugunawa yake yi, sannan ya yi kamar takalmi yake gyarawa. Da can mutum ne mai surutu, malamin firamare, ko akuya ya gani sai ya yi mata tambaya. Yanzu sai a yi wuni ba a ji bakinsa ba.

Ina kallonsa in ya juya baya. Kunnen nasa ne. Tabon da ke ƙeyarsa nasa ne. Ban san me nake nema ba.

Litinin, 21 ga Yuli

Yau muka kai wurin ƙofa.

Akwai wani a jirgin da Abdulaziz ya raɗa wa Mahmud, dodon ya cinye shi tun farko. Likitar kuma mun sa mata Rashida, kuma Abdulaziz ya yanke hukunci matar Mahmud ce. Wataƙila a asalin fim ɗin ƙanwarsa ce, oho, wa zai kama mu. To can wajen ƙarshe Rashida ta kulle kanta a ɗaki. Sai ga abin ya zo bakin ƙofa, ya shiga cikin farar rigar nan ta marigayin, mai hular gilashi, gilashin baƙi ƙirin ba a ganin komai. Bai buga ƙofa ba, bai yi gurnani ba. Tsayawa kawai ya yi. Ita kuma tana ciki, hannunta a kan mariƙi.

Shirun ya yi wa Abdulaziz tsawo. Na ga yana mutsu-mutsu a kujera. Sai kawai ya matso makirufo, ya ɗauko muryar da ya ba Mahmud tun yana raye, mai sanyi, ya ce, "Salamu alaikum." Da wasa ya yi. Ya jira kaɗan ya sake. Ya sake.

Oga ya ce, "Bar shi haka! Ummu, sa mata amsa." Bakin matar ba ya motsi, amma mu wannan bai taɓa hana mu ba. Na matso. Na tsaya ina kallon hannunta a kan mariƙin. Oga ya ce ko "wane ne" ki ce. Ba abin da ya zo. Aka bar ta shiru.

Na dawo gida na yi miyar kuka. Gishiri ya yi yawa.

Laraba, 23 ga Yuli

An sa rabin ƙarshe a bakin shago. Mutanen ranar nan ne, har da ƙari, sun zo dariya.

Suna ta yi kuwa, har aka zo ƙofa. Abin ya tsaya. Ya yi sallama. Wallahi bencin nan gaba ɗaya suka amsa, "Wa alaikumus salam," baki ɗaya, kamar a masallaci. Ba su yi shawara ba, bakinsu ne ya riga su. Sai da amsar ta fita suka ji abin da suka amsa wa.

Tsit. Mai shayi ya ajiye buta yana a'uziyya. Ɗan Zurmin nan mai kilishi ya miƙe, ya tura babur ɗinsa da hannu har kwana kafin ya tayar. Da abin ya yi sallama ta biyu na ga leɓɓa suna motsi, mutane suna danne amsa da ƙarfi.

Oga kamar ya yi rawa. Ya ce shi dama ya san fim ɗin zai ci. Abdulaziz kuma jikinsa ya yi sanyi, yana tambaya ko bai yi saɓo ba.

Na yi ta juya abin a hanya. Haƙora kana iya gudu, ko ka ɗauki sanda. Amma abin da ya san ladabinmu, ya zo da muryar naka, ya tsaya inda baƙo ke tsayawa, ya faɗi abin da tun kana goye aka koya maka ba a ƙin amsawa, ina za ka kai shi? In ka amsa ka buɗe masa. In ka ƙi, kai ne ka zama wani abu.

Tafin ƙafata ya yi sanyi kaɗan. Ina jin takalmin ne, ya jiƙe.

Asabar, 26 ga Yuli

Fim ya shiga gari. Kowace waya shi ne. Baba Malam ya aiko a ce min sallama ba abin wasa ba ce. Na ce a ce masa na ji.

Litinin, 28 ga Yuli

Lauratu ce ta faɗa min, shi Jibrin bai faɗa ba. Wai samarin bakin kasuwa in ya zo wucewa sai wani ya maƙe murya ya yi irin sallamar nan ta fim, sauran su ƙyalƙyale. Wai har sun sa masa Mahmud. Dama tun da ya dawo akwai masu kauce masa, waɗanda suka tsaya a sahu suka yi masa salla in sun gaisa da shi ƙasa suke kallo. Yanzu mun ba su suna da murya.

Mu muka ba su. Ni ina wurin.

Na zaci zan ji kunya ko haushi. Na zauna na jira. Kamar mai jiran ruwan famfo.

Alhamis, 31 ga Yuli

Ba komai. Wanki.

Lahadi, 3 ga Agusta

Da hantsi ina shara Jibrin ya ce, "Ummu, zo ki zauna." Rabon da ya kira sunana tun kafin a ɗauke shi. Na zauna, tsintsiya a hannu.

Ya ce ya ga fim ɗinmu, a wayar wani tsohon ɗalibinsa. Ya ce aikin ya yi kyau, muryar likitar ya gane ta tun kalmar farko. Na ce to.

Ya ce dodon bai ba shi tsoro ba, ya ga waɗanda suka fi shi, kuma su fuskar mutane gare su. "Matar ce ta ba ni tsoro. Wadda ke bayan ƙofa. Fuskar ta matar Mahmud ce, hannun nata ne, amma ka duba idon, ba kowa a ciki."



Ya ce a daji, in an ɗaure su, abin da yake yi shi ne ya riƙa jera yadda zai dawo. Zai tsaya a zaure, zai yi sallama, zan amsa daga madafa da ƙarfi yadda na saba, in ce wa ke nan zai ci mana tuwo. Ya ce da wannan ya rayu. Ba da faɗa yake magana ba, da ma faɗa ne. A hankali, yana kallon bango.

Duk kwanakin nan ni ina leƙen ƙeyarsa ina neman ko shi ne. Ashe shi ma kallona yake.

Sai ya ce ranar Alhamis zai bi motar kasuwa zuwa Shinkafi, wurin Inna. "Ke kin riga kin binne ni, kuma ba laifinki ba ne, cewa anka yi ki binne. In kina so in sauwaƙe miki, in na isa sai in aiko da takarda. Ba zan riƙe ki ba."

Na ce, "To, Malam."

Na ƙarasa sharar.

Litinin, 4 ga Agusta

Abin da ba wanda ya sani: takabar nan da gaske na yi ta. Wasu zama kawai suke yi su ƙirga kwanaki. Ni aiki na yi. Kullum sai na ɗauki abu ɗaya nasa na kashe. Yau dariyarsa, gobe yadda yake tari kafin ya shigo, jibi warin alli a hannunsa. In abin ya motsa in sake danne shi, har ya daina motsi. Don in ban yi haka ba hauka zan yi, na ga hanyar, na fara binta. Ranar da na fita na yi wanka, na duba ciki, wayam. Na gode wa Allah.

An koya min yadda ake shiga, an koya min yadda ake fita. Ba wanda ya ce ga yadda ake yi in mutumin ya dawo.

Talata, 5 ga Agusta

Oga ya kawo wani fim, na kifi mai cin mutane. Yana so kifin ma ya yi sallama. Abdulaziz ya ce shi ya tuba.

Laraba, 6 ga Agusta

Jibrin ya haɗa kayansa a leda. Ba su da yawa. Ya je ya yi wa Baba Malam sallama. Lauratu ta shigo ta zage ni tas, ta ce dutse ma ya fi ni, ta yi kuka, ta fita. Na daka masa yaji ya kai wa Inna.

Alhamis, 7 ga Agusta, Shinkafi

A ɗakin Inna nake rubutu.

Ba wani abu ba ne. Da safe na ga yajin da yawa, ledar tasa ba za ta ɗauka ba, kuma rabona da gaida Inna tun zaman makoki, bai kamata ba. Shi ya sa na yafa mayafi na bi shi tasha. Ya kalle ni, ya biya kujera biyu, bai tambaya ba. Oga ko aika masa ban yi ba.

An cusa mu a baya, shi a gefen taga. Daga Kaura ana ta hira, ana gardamar farashin taki. Da muka yi nisa, inda gero ya ƙare daji ya fara haɗewa, direba ya kashe rediyo. Ba wanda ya ce a yi shiru, kowa ya yi. Wata tsohuwa a gaba tana jan carbi. Jibrin ya miƙe zaune, yana kallon gabansa, jijiyar wuyansa ta fito. Na gane wurin ne, ko kusa da shi.

Sai ga babura sun ɓullo daga wata 'yar hanya ta hagu, goyo bibbiyu.

Ban san yadda zan rubuta ba. Tsoro ne, shi da na ce na manta.  Ba kaina na tuna ba. Abin da ya zo min kawai shi ne taga, shi ne a bakin taga, shi za su fara jawowa.

Direba bai rage gudu ba. Muka wuce su. Fartanya ce a kafaɗarsu, da buhu.

Jibrin ya ce a hankali, "Ummu, manoma ne."

Na ce na gani.

"To sakar min riga."

Sai a lokacin na ga hannuna. Na dunƙule gefen rigarsa tun daga aljihu, yatsuna har sun yi fari. Na ce masa motar ce ke jijjiga. Ya ce haka ne, hanyar ba kyau. Ban saki rigar ba har muka shiga gari.

Inna ta rungume ɗanta ta yi kuka, ni ta amsa gaisuwata a tsaye. Ta tambayi wa ya yamutsa masa riga haka, ya ce matsi ne a mota. Maganar takarda bai tayar ba. Ni ma.

Tun da muka iso na zubar da ruwa sau biyu. Tsoro ba daɗi ko kaɗan, ban san me mutane ke nema a finafinan nan ba.

Gobe Juma'a, ya ce zai je babban masallaci. Ɗazu ina tankaɗe na ji bakina yana tambayar Inna ko da nisa, kuma ta wace hanya ake bi.